SANA'A SA'A: Kafin ka sayi injin aiki mai caji, fara duba batirinsa

 

Yau za mu tattauna a kan injinan aikin hannu masu amfani da batir, waɗanda ba sai an jona su da wutar lantarki ba yayin aiki. Akwai injin huda da ma'aikata ke kira diril, akwai giranda ta masu walda, da zarto, da injin yankan ciyawa, da na hura shara, da na feshi. Duk wanda ke leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ya ga yadda suka cika shaguna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wutar NEPA ba ta da tabbas, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareta don huda rami huɗu ya zama asara. Mai haɗa sola da ke kan rufin kwano, da mai saka labule, da mai kafa tauraron ɗan'adam, da kafinta, kowa na son injin da zai sa a jaka ya tafi.

Da yawa daga cikinku kuna tara kuɗin aikin hutu ko na adashi don ku mallaki ɗaya. Wannan tunani ne mai kyau. Amma kuɗin da aka shafe wata shida ana tarawa, a cikin minti goma ake iya zubar da shi a bakin shago. Abin da nake so ku riƙe daga darasin yau shi ne, wanda ya sayi injin caji, batir ya saya. Idan batirin na kirki ne, ya yi ciniki. Idan na banza ne, ya sayi abin ado.

Daga ina abin ya samo asali?

Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fito da diril na farko mai batir a shekarar 1961. Bayan shekara goma, a 1971, 'yan sama-jannatin Apollo 15 suka yi amfani da wani injin huda mai batir wajen haƙo samfurin ƙasa a duniyar wata, kuma wannan kamfani na cikin waɗanda suka ƙera shi. Sai dai batiran wancan zamani suna da nauyi, ga saurin ƙarewa. Abin ya canza ne da zuwan batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayarka. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da shi a 1991, kuma a wajen 2005 kamfanoni irin su Milwaukee da Makita suka fara sa shi a injinan aiki. Masana uku da suka share fagen wannan batir, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai a 2019. Ke nan darasin kimiyyar da wasu ke gyangyaɗi a cikinsa shi ne ke juya diril a hannun kafinta.

Lambobi biyu da ke jikin batir

A jikin kowane batir za ka ga lambobi biyu. Ta farko tana tare da harafin V, wato ƙarfin turin wutar. Ta biyu tana tare da haruffan Ah, wato yawan wutar da batirin ke iya ɗauka. Ka ɗauka tankin ruwa ne a kan gini. V ita ce tsawon inda aka ɗora tankin, wanda ke sa ruwa ya fito da ƙarfi, Ah kuwa girman tankin ne.

Idan aka buɗe batirin, abin da ke ciki 'yan ƙananan batira ne masu kama da na tocila, an jera su. Mafi yawa ana kiran su 18650, saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu kuma milimita 65. Kowane ɗaya yana ba da 3.6V. Idan aka jera biyar, 3.6 sau 5 ya ba da 18V. Idan aka jera uku, an samu 10.8V, wanda ake rubuta wa 12V.

A nan ne ake rikita masu saye. Idan ɗan batir ɗaya ya cika maƙil, yakan kai 4.2V na ɗan lokaci. Saboda haka batir mai 'ya'ya biyar, wani kamfani zai rubuta masa 18V, wani ya rubuta 20V, wani ma 21V, alhali duk abu ɗaya ne. Kamfanin DeWalt yana sayar da irin batir ɗaya da sunan 20V a Amurka, a Turai kuma da sunan 18V. Don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi da hujjar cewa mai 20 ya fi mai 18 ƙarfi.

Akwai kuma waɗanda ba su da suna sananne, za ka ga an rangaɗa musu 48V ko 88V, a kan batirin da bai fi tafin hannu ba. Yi lissafi da kanka. Kafin a samu 88V sai an jera 'ya'ya wajen 24, kowane ɗaya kuma nauyinsa ya kai giram 45. Batirin zai haura kilo guda. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, to 'ya'ya biyar ne a ciki, sauran duk fenti ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Haka abin yake ga Ah. Batir mai 18V da 2.0Ah yawanci 'ya'ya biyar ne. Mai 4.0Ah ko 5.0Ah yawanci goma ne, layi biyu, don haka ya fi tsayi da nauyi. Idan ƙaramin batir mara nauyi ya ce shi 9.0Ah ne, ajiye musu kayansu. In kana son sanin ainihin wutar da ke ciki, ninka V da Ah. Mai 18V da 2Ah yana da 36Wh, mai 18V da 5Ah yana da 90Wh, wato zai yi aikin da ya ninka na farkon sau biyu da rabi kafin ya mutu.

Zaɓi gida ɗaya ka zauna

Batirin Makita ba ya shiga injin Bosch, na Bosch ba ya shiga na DeWalt. Yawancin kamfanoni kowanne da irin bakin da ya yi wa nasa. Amma a cikin kamfani ɗaya, batir ɗaya na iya shiga diril da giranda da zarto da injin ciyawa, muddin ajinsu ɗaya. Saboda haka ranar da ka sayi injinka na farko, ka zaɓi gidan da za ka daɗe a ciki ne. Wanda ya sayi diril daga nan, giranda daga can, zai wayi gari da caja uku da batira uku da ba sa taimakon juna.

Kafin ka biya, yi wa mai shago tambayoyi uku. Idan batirin nan ya mutu, akwai irinsa a kasuwar nan, kuma nawa ne? Akwai wasu injina da ke amfani da shi, kuma ana sayar da su zalla ba tare da batir ba? Akwai mai gyara a garin nan da ke da kayan gyaransa? Makita da Bosch da DeWalt suna da inganci amma da tsada, kuma sunansu ne aka fi yi wa jabu. Ingco da Total sun fi sauƙin kuɗi kuma sun yaɗu a kasuwanninmu. Ga mai farawa, injin matsakaici da za a samu batirinsa a layin gaba ya fi babban suna da sai an yi odar batirinsa daga waje.

Idan kuɗinka ya kai, sayi mai batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. A ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, batir na biyu shi ne ke hana ka jin kunya a gidan mai aiki. Ka karɓi rasit, ka kuma gwada injin da cajar a gaban mai shago.

Masu sayen na hannu, ga gargaɗi. Wutar gida a Amurka 120V ce, tamu kuwa 230V. Cajar da aka yi don Amurka, idan ka soka ta a soket ɗinmu, nan take za ta ƙone. Juya bayanta ka karanta. Idan ka ga 220 zuwa 240V, ko 100 zuwa 240V, ta yi. Idan 120V kaɗai ka gani, sai da na'urar rage wuta. Sannan ka sani tsohon batir yana iya nuna ya cika, amma ya mutu bayan sukuru goma. Sa kuɗin sabon batir a cikin lissafinka kafin ka ce ka samu araha.

Wanne za ka fara saye?

Diril. Shi ke huda, shi ke ɗaura sukuru, shi ke kwancewa. Ga abin da za ka duba a jikinsa.

Bakin da ke riƙe tsinken huda iri biyu ne, mai milimita 10 da mai milimita 13. Mai 13 ya fi ɗaukar manyan tsinke. A samansa akwai maɓalli mai lamba 1 da 2. Lamba 1 tana juyawa a hankali da ƙarfi, ta ɗaura sukuru ce da huda babban rami. Lamba 2 tana gudu, ta ƙananan ramuka ce. Sai zobe mai lambobi a wuyansa. Aikinsa shi ne ya saki idan sukuru ya ɗauru, don kada ya nutse cikin katako ko kansa ya lalace. Fara da ƙaramar lamba, ka riƙa ƙarawa. Idan huda za ka yi, juya zoben zuwa hoton tsinke.

Da yake yawancin gidajenmu na bulo ne da siminti, nemi wanda ke da hoton guduma a zoben. Wannan yana juyawa yana bugu, shi ke cin bulo. Amma kankare mai tauri, irin na ginshiƙi ko dakin, ya fi ƙarfinsa. Wannan aikin babban injin huda ne da ake kira SDS, wanda za ka iya haya ranar da buƙata ta taso.

Tsinken huda ma kala-kala ne. Na katako yana da ɗan tsini a tsakiyar kansa. Na ƙarfe za ka ga an rubuta HSS. Na bulo yana da faffaɗan kai kamar kibiya. Wanda ya sa na ƙarfe a bango ya kashe shi a rami ɗaya. Kada kuma ka kunna guduma a kan ƙarfe ko katako ko tayil.

Za ka ji masu shago suna cewa wannan "burashles" ne. Tsofaffin injina suna da wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar abin da ke juyawa a ciki, su ne ke ba da tartsatsin da kake hangowa, kuma suna cinyewa sai an canza. Burashles ba shi da su, don haka bai cika zafi ba, batir ya fi daɗewa a kansa, amma ya fi tsada, kuma idan na'urar cikinsa ta ƙone gyaran ba na kowa ba ne. Mai aiki kullum ya sayi burashles. Mai ɗan aikin gida jefi-jefi, mai gawayi ya ishe shi.

Aikin tsakar gida da lambu

Da damina ta kankama, ciyawa kan rufe harabar gida da filin makaranta, ga sauro ga macizai. Injin yankan ciyawa mai zaren roba yana yin aikin da lauje zai wuni yana yi. Sai dai injinan fili sun fi diril shan wuta nesa ba kusa ba, domin diril daƙiƙa kaɗan yake juyawa ya huta, su kuwa ba sa tsayawa. Batir mai 2Ah ba zai kai ka ko'ina ba, nemi mai 4Ah zuwa sama. Idan fili ne babba kamar na ƙwallo, gaskiya mai amfani da fetur ya fi dacewa. Kafin ka fara, zagaya ka tsince duwatsu da kwalabe da waya, ka kori yara da dabbobi, domin zaren yana harba tsakuwa kamar gwafa.

Ƙaramin zarto mai sarƙa da ake riƙewa da hannu ɗaya ya shigo yayi wajen sassabe rassan darbejiya da mangwaro. Ƙanƙantarsa ba ta rage masa haɗari ba. Idan ƙarshen bakinsa ya taɓa itace, yakan yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi. Ba a yanka da shi sama da kafaɗa, ba a hawa tsani da shi, ba a riƙe reshe da hannu ɗaya ana yanka kusa da yatsu. Wannan da giranda ba kayan ɗan sakandare ba ne shi kaɗai, sai a gaban maigidansa na sana'a ko malamin koyon aikin hannu.

Zafi ne babban abokin gabar batir

A watannin Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Kano yakan haura digiri 40. Batirin litiyam ba ya son a yi masa caji idan zafinsa ya wuce wajen digiri 45, kuma batirin da aka bari a rana ko a kan kwano ko a cikin mota rufaffiya yana wuce haka da sauri. Zafi na tsufar da shi tun bai kai ba. Idan ka gama aiki ka ji shi da ɗumi, bar shi a inuwa ya huce kafin ka ɗora a caja.

Kada ka matsa masa sai ya mutu murus. Da ka ji ƙarfin injin ya ragu, canza batir. Idan za ka koma makarantar kwana ka bar shi wata uku, bar shi da kamar rabin caji, ka cire shi daga jikin injin, ka ajiye a wuri mai sanyi da ba danshi. Yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur, kuma kada ka jona ka kwanta barci. Idan an ɗauke wuta, zare cajar, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona ta. Kada ka jefa batir a jaka ɗaya da ƙusoshi da makullai, ƙarfe ɗaya ya haɗa bakinsa biyu sai gobara. Da hunturu, riƙa share ƙura daga ramukan iskan injin da busasshen buroshi.

Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, ya gama aiki. Fitar da shi waje ka ajiye a kan yashi nesa da ɗaki. Kada a jefa shi a bola, domin a unguwanninmu ana cinna wa bola wuta, shi kuwa fashewa yake yi. Kada a bar wa ƙanne su fasa. Kai wa masu gyaran batir ko shagon da ka saya.

Jikinka ba shi da kayan gyara

Injin da ke da waya, idan ka zare soket ya mutu. Mai batir kuwa kullum a shirye yake, ko yaro ɗan shekara uku ya danna zai tashi. Don haka doka ta farko, cire batir kafin ka canza tsinke ko faifai, kafin ka share, da kuma duk lokacin da ka ajiye. Batir a sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

Sa tabarau na kariya ko da rami ɗaya za ka huda. Sa takunkumi idan kana huda bulo ko yankan tayil, domin ƙurar siminti da yashi tana taruwa a huhu ta yi illar da ba ta warkewa. Abin da ke juyawa yana kama duk abin da ke lilo. Samari, a cire babbar riga, a naɗe hannun kaftani. 'Yan mata, ku ma wannan aiki naku ne, sai dai a tattara hijabi ko mayafi a cusa cikin rigar aiki yadda babu gefen da ke reto. Abin da za ka huda, ɗaure shi ko ka danne shi a kan benci, kada ka riƙe a tafin hannu ko a kan cinya.

Kafin ka huda bango, dubi inda soket da makunnin fitila suke. Wayoyin da aka binne yawanci suna tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga gare su. Kauce wa waɗannan layuka, haka ma saitin famfo a banɗaki da kicin. A giranda kuwa, kada ka yarda a cire marufin da ke kare faifai, ko da ka ga manya suna yi. Kowane faifai an rubuta masa iyakar gudun da zai iya jurewa, dole ya kai ko ya wuce gudun injin. Faifan yankan ƙarfe masu inganci har ranar lalacewa ake bugawa a zoben tsakiyarsu. Wanda ya tsage ko ya sha ruwa, a yar.

Kayan aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, amma ba dole ne ka mallaki komai a rana ɗaya ba. Diril ɗaya mai guduma, batir biyu na gaske, tsinke kala uku da tabarau sun isa ka fara karɓar aikin labule da kanta da allon makaranta a unguwa. Daga kowane aiki ka ware wani abu na sabon batir, domin komai kulawarka wata rana zai tsufa. Idan kun kai ku uku ko huɗu a wajen koyon sana'a, ku daidaita a kan kamfani ɗaya, kowa ya sayi injin daban, batiranku su riƙa yi wa juna aiki.

Aikin gida na wannan mako: ga batira biyu, na farko an rubuta masa 18V da 4Ah, na biyu 12V da 5Ah. Wanne ya fi ɗaukar wuta, kuma da Wh nawa ya fi? Ku tuna 'ya'ya nawa ke cikin mai 12V kafin ku ninka. Za mu kawo amsa a fitowa ta gaba, inda za mu duba awo da tef da yadda ake fitar da kusurwa daidai.

Allah Ya yi wa karatunku da sana'arku albarka. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.